Wayar ALC tsakanin rediyo da amfilifaya: a haɗa ko a bari?

Kusan duk mai rediyon sha'awa (wato mai aika magana ta rediyo don nishaɗi) yakan ci karo da wannan tambaya ranar da amfilifayarsa ta farko, na'urar ƙara ƙarfin siginar da yake aikawa, ta iso. Ya leƙa bayan rediyo ya ga wata 'yar kafa an rubuta mata ALC, ya leƙa bayan amfilifaya ga irinta. To, a haɗa su da waya ne ko a ƙyale su? In ya tambayi mutum uku, amsa uku zai kwasa. Wani zai ce rashin haɗawa ganganci ne, rana ɗaya mantuwa za ta ƙona masa bawul ko taransisto mai tsada, abin da ke ƙara ƙarfin sigina a cikin amfilifaya. Wani zai ce wayar ce ma ke ɓata murya, ta sa mutum ya dami maƙwabtansa a zango, wato yankin mitocin da ake hira a kansa. Na uku zai ce a duba littafin na'ura. Su kansu masu ƙera na'urorin bakinsu bai zo ɗaya ba: wani kamfani ya ce lallai a haɗa, wani ya ce kada a dogara da ita, wani kuma bai ma sa kafar a jikin amfilifayarsa ba.

Kowanne yana da gaskiyarsa, sai dai ba a kan na'ura ɗaya suke magana ba, ba kuma a kan zamani ɗaya ba. Abin da ke warware gardamar shi ne a san aikin da wayar za ta iya, da wanda ya fi ƙarfinta.

## ALC biyu ne, ba ɗaya ba

ALC gajarcen suna ne na tsarin da ke rage ƙarfin rediyo da kansa idan ya nemi wuce iyaka. Akwai na ciki, akwai na waje, kuma yawancin ruɗanin daga cakuɗa su yake tasowa.

Na ciki yana cikin kowane rediyon aikawa na zamani, ko da amfilifaya ko babu. Dab da kafar eriya akwai wani ɗan ma'auni da ke ɗanɗana ƙarfin da ke fita. Ana kwatanta abin da ya auna da iyakar da aka ɗora. In ya haura, sai a aika umarni baya zuwa matakan farko na rediyon, a rage musu ninki, ƙarfin fita ya sauko. Allurar da ke motsi a fuskar rediyo idan an zaɓi ma'aunin ALC ba ƙarfin fita take nunawa ba, yawan ragin da ake yi take nunawa. Da yawa ba su san cewa a rediyoyi masu yawa mamurɗin ƙarfi ba komai yake yi ba illa matsar da wannan iyaka. Wato idan ka sauke rediyo mai wat 100 zuwa wat 30, matakan farko suna nan da ninkinsu na wat 100, ALC ne ke danne su. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Na waje shi ne wayar da ake gardama a kanta. Amfilifaya na lura da halin da take ciki, in ta ga turin da rediyo ke yi mata ya yi yawa sai ta fitar da wutar DC ta nagatif, ta bi waya ta shiga kewayen ALC na rediyo. Gwargwadon yadda wutar ta yi ƙasa da sifili, gwargwadon yadda rediyo ke ja da baya. A rediyoyin Icom da Yaesu na zamani, abin da kafar ke karɓa daga sifili ne zuwa volt 4 na nagatif, kuma littattafan Icom sun faɗa ƙarara cewa kafar ba ta karɓar fozitif. Tsofaffin rediyoyi masu bawul sun fi haka buƙata nesa ba kusa ba, shi ya sa tsohuwar amfilifaya takan fitar da wutar da ta ninka abin da sabon rediyo ke so. Babu wata ƙa'ida guda da ta ɗaure kamfanoni a kan wannan.

Abin da amfilifaya ke dubawa ma ya bambanta. Wata siginar da ke shigowa daga rediyo take ɗiba ta bi da ita ta dayod. Wata kwararar wuta a girid take aunawa, wato ragar siririyar wayar da ke cikin bawul. Masu taransisto kuwa sukan haɗa abubuwa da dama: ƙarfin fita, ƙarfin da eriya ta maido, yawan wutar da ake ja, da zafi. Mai auna girid ta fi mai ɗibar sigina amfani, domin tana ganin ainihin abin da ke kashe bawul, har da lokacin da eriya ta canja hali alhali turin bai ƙaru ba.

## Inda wayar ta samo asali

A ƙarshen shekarun 1950, lokacin da tsarin aika murya na SSB ke karɓuwa, rediyoyi irin su Collins KWM-2 ba su da mamurɗin da za a ce a tsaya a wat kaza. Bawul biyu ne samfurin 6146 a matakin ƙarshe, sai mamurɗin makirfo. In ka ɗaga murya ƙarfi ya hau, in ka sassauta ya sauka. Ga kuma amfilifaya irin Collins 30S-1 mai bawul 4CX1000A, wanda girid ɗinsa kusan ba a yarda ya ɗauki zafi ba ko kaɗan. A irin wannan haɗi wayar ALC dole ce, ita kaɗai ce ke tsakanin tari ɗaya a gaban makirfo da asarar bawul. Kamfani ɗaya kuma ya ƙera na'urorin biyu, ya daidaita wutarsu da saurinsu.

Yau rediyo na da iyakar ƙarfi da za a saita, wasu har suna tuna iyakar kowane zango dabam. Rediyon kamfani ɗaya ne, amfilifayar wani ce, tazarar shekarunsu kan kai arba'in. Kafar ta rage a jikin na'urori, amma yanayin da ya haife ta ya canja.

## Ihu bayan hari

Babban rauninta a lokaci yake. ALC kowane iri ba ya motsi sai ya ga an riga an wuce iyaka. Dole siginar ta fita, a auna ta, a tace, a aika baya, sannan ninki ya ragu. Wannan na cin milisakan ɗaya zuwa 'yan kaɗan, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa. Ga kunne ba komai ba ne. Ga siginar megahaz 14, milisakan ɗaya zagaye 14,000 ne, dukansu sun wuce da cikakken ƙarfi kafin ragin ya iso.

A nan ne maganar mamurɗin ƙarfi ta dawo. A rediyon da aka sauke zuwa wat 30 ta hanyar ALC kaɗai, harafin farko na magana ko ɗigon farko na Mos, saƙon da ake aikawa da ɗigo da layi, kan fito da ƙarfin da ya kusa wat 100, wani lokaci ya zarce, kafin a danne shi. Wannan tsinin farko allura ba ta ganinsa, nauyinta ya hana ta. Sai osiloskof, na'urar nuna siffar sigina, mai riƙe hoto, ko ma'auni mai kama ƙololuwa na gaske. Ba kowane rediyo ke da wannan hali ba. Akwai waɗanda ke rage ninki tun daga tushe kafin sigina ta fita, su tsininsu kaɗan ne ko babu.

Ɗauki amfilifaya mai ninki 20, wato desibel 13. Wat 50 take so ta ba da wat 1,000. In tsinin ya kai mata wat 100, an ce mata ta ba da 2,000 ke nan, abin da ba ta da shi. A mai bawul, kan siginar ya daddage ya baje, wutar girid ta yi tsalle, kuma in ba a buɗe mamurɗin LOAD, mai daidaita amfilifaya da eriya, yadda ya kamata ba, wutar da ke kewayen fita ta haura har ta yi tartsatsi a kafasito ko a makunnin sauya zango. Makunnin da ya ƙone sau ɗaya kuwa, baƙin da ya bari shi ke kiran tartsatsi na gaba. Juriyar bawul ma ba ɗaya ba ce: girid ɗin 3-500Z na ɗaukar wat 20, na 8877 wat 25, na 3CX800A7 kuwa wat 4 kacal. Tsohon 3-500Z kan haɗiye kuskure ya ci gaba, ɗan 3CX800A7 ba ya da wannan haƙuri.

Masu taransisto samfurin LDMOS sun fi kowa saurin fushi. Taransiston da ke ba da kilowat guda a kan volt 50, 'yan wat kaɗan yake buƙata, kuma ƙofarsa, inda sigina ke shiga, ba ta jure abin da ya wuce kusan volt 10. Siririn rufin da ke ƙofar in ya huje ya huje, cikin ƙasa da milisakan. Abin da ke kare irin waɗannan amfilifayoyi yana cikinsu: rezistocin rage ƙarfi a bakin shiga, da kewayen da ke katse aiki nan take. A Amurka, inda iyakar ƙarfi take wat 1,500, dokar hukumar FCC ta hana amfilifayar kasuwa ninkin da ya wuce desibel 15, kusan sau 32, shi ya sa za ka ga tana neman wajen wat 50 alhali taransiston cikinta bai buƙaci ko kashi ɗaya cikin biyar na haka ba.

To ina wayar ALC a duk wannan? Tana bayan na ciki. Hanyarta ta fi tsawo, tana da nata matatan, saboda haka ta fi shi jinkiri. Wanda ya haɗa ta don maganin tsinin farko, ya bar rediyo a wat 100 yana cewa ai amfilifaya za ta ja shi baya, ya ƙara wa tsinin tsawo ne.

## Yadda take fantsama sigina

Muryar SSB faɗinta bai kamata ya wuce kilohaz 3 ba. Amfilifayar da ke aiki daidai tana fitar da abin da aka ba ta ne da girma, ba ƙari. Da zarar an tura ta ta fara daddagewa, sassan muryar sai su riƙa cakuɗa da juna suna haifar da sababbi. Gwajin da aka saba yi shi ne a ba rediyo sauti biyu, haz 700 da haz 1,900. A kan kilohaz 14,200 ta gefen sama, za su fito a 14,200.7 da 14,201.9. Ɓarnar za ta bayyana a 14,199.5 da 14,203.1, sai 14,198.3 da 14,204.3, haka take tafiya tsani-tsani da tazarar kilohaz 1.2 hagu da dama. Wannan ita ce fantsamar da wanda ke hira kilohaz 5 daga gare ka yake ji kamar ana yayyaga takarda. A rediyo mai aiki da volt 13.8, tsanin farko yakan zauna wajen desibel 30 ƙasa da ƙololuwa ko da komai lafiya. Amfilifaya ta ɗauki wannan ta ninka, ta ƙara nata.

Manufar ALC ita ce hana daddagewa. Amma duk sanda ninki ya canja da sauri a tsakiyar kalma, siffar siginar an taɓa ta ke nan, kuma taɓa siffa da sauri shi kansa yana haifar da fantsama. Shi ya sa ake tsara ALC ya kama da wuri ya saki a hankali, cikin ɗaruruwan milisakan. In ana dukansa a kowane harafi, kowace kamawa tana barin nata ɗan datti.

Sai kuma matsalar shugaba biyu a jirgi ɗaya. Na ciki na ja, na waje na ja, kowanne da saurinsa. Amfilifaya ta ce a rage, rediyo ya rage fiye da kima, amfilifaya ta saki, ƙarfi ya dawo da gudu, ta sake cewa a rage. A ma'auni za ka ga ƙarfi na hawa da sauka ko da sautin da ake bayarwa bai canja ba; a kunnen mai saurare murya na shaƙa tana fesarwa, ƙarar fanka na tasowa tsakanin kalmomi. Wasu sukan ɗauka wai wannan matsi ne mai ƙara wa murya kauri. Matse murya aikin kewayen sarrafa sauti ne da ke zuwa kafin matatar SSB, inda matatar za ta share dattin da aka yi. Dattin da aka yi bayan matata kai tsaye eriya yake tafiya.

Ribar da ake nema ma ba ta taka kara ta karya ba. Daga wat 1,200 zuwa 1,500 desibel 1 ne, alhali mataki ɗaya a ma'aunin S, mai nuna ƙarfin siginar da ke isa ga mai saurare, desibel 6 ne, ninki huɗu na ƙarfi. Ba wanda zai ji wannan desibel ɗin sai maƙwabci.

## Hujjar masu haɗawa

Duk da haka wayar ba ta zama banza ba. Akwai kurakuran da ba na milisakan ba ne, na daƙiƙoƙi ne. Mutum ya gama aiki da rediyo tsura a wat 100, ya kunna amfilifaya ya manta bai sauke ba. Ya sauya daga zangon mita 80 zuwa mita 10 inda turin da ake so ya bambanta. Iska ta tsinke eriya a tsakiyar aikawa. A nan wayar da aka saita daidai takan ja rediyo baya kafin zafi ya taru, kuma ga amfilifaya mai bawul marar kewayen katsewa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma na'urorin da aka gina su a kan wayar. Amfilifayoyin Icom IC-PW1 da Yaesu VL-1000 littattafansu sun umarci a haɗa, sun kuma ba da matakan saitawa. Amfilifayoyin SPE Expert da ita suke daidaita turin rediyo. Kamfanin Elecraft kuwa matsayinsa a littafin rediyonsa K3 shi ne a ɗauke ta a matsayin kariya idan eriya ta lalace ko turi ya daɗe da yawa, kada a mai da ita hanyar saita ƙarfi ko ta datse ƙololuwar murya. Inda mai ƙera amfilifaya ya ce a haɗa, a haɗa a bi matakansa, domin ya san abin da ya bari a wuyan wayar. Inda bai ce ba, ra'ayin da ya fi ƙarfi shi ne na Elecraft: rediyo ke saita turi, waya na gefe tana gadi, kuma in komai na tafiya daidai ba za a taɓa ganin motsinta ba.

## Yadda ake saita ta

Kayan aiki: eriyar gwaji ta om 50, wadda ke shanye sigina ba ta watsa ta, mai ɗaukar cikakken ƙarfin amfilifaya, ma'aunin wat mai kama ƙololuwa, ma'aunin volt, da gajeriyar waya mai rufin raga da kan RCA. Ba a yin wannan aiki a kan eriya ta gaske, akwai mutane a zangon.

1. Kafin a haɗa komai, a auna abin da kafar ALC ta amfilifaya ke fitarwa lokacin aikawa, ana murɗa mamurɗinta daga wannan ƙarshe zuwa wancan. A tabbata nagatif ne, a kuma ga iyakarsa. In ya wuce abin da littafin rediyo ya yarda da shi ƙwarai, a sa rezisto biyu su raba wutar, ko dayod ɗin zina ya tsare ta.
2. Ba tare da waya ba, a fara da turi kaɗan, wat 10 zuwa 20. A mai bawul a daidaita mamurɗan TUNE da LOAD, a ƙara turi, a sake daidaitawa, har a kai ƙarfin da ake so. Kowane danni kada ya wuce daƙiƙa 5 zuwa 10, a bar bawul ya huce.
3. Daga nan a ƙara buɗe LOAD kaɗan har wutar girid ta sauko, ƙarfin fita ya ragu da ɗan abin da bai taka kara ba. Wannan ɗan ragi shi ke ba ƙololuwar murya wurin shiga, shi ke kuma hana tartsatsi.
4. A rubuta turin da kowane zango ya buƙata. In rediyo na iya tuna iyakar kowane zango, a sa masa.
5. A mai da mamurɗin ALC na amfilifaya inda ba ya aiki, a haɗa waya. A ƙara turi da kusan kashi 10 cikin 100 bisa abin da aka rubuta, a danna, a murɗa a hankali har ƙarfin fita ya fara saukowa. A tsaya nan. A mai da turi inda yake.
6. A koma SSB a yi magana yadda aka saba. A zare wayar, a mayar. In ƙololuwar ƙarfi ko allurar ALC ta rediyo ta canja, wayar na shiga aikin yau da kullum, sai a ɗan janye mamurɗin.

Mataki na 6 a maimaita shi a kowane zango. Amfilifaya mai ɗibar sigina ta dayod takan ba da wuta dabam a mita 160 da mita 10, saitin da ya yi shiru a can sai ya riƙa shaƙe rediyo a nan.

Wani abin da ke ruɗa mutane shi ne ma'auni. Allura ta gama-gari matsakaicin ƙarfi take nunawa, da murya takan tsaya a sulusi ko ƙasa da haka alhali ƙololuwa ta cika. Mai ganin wat 350 a amfilifayar kilowat sai ya ƙara makirfo yana neman allura ta tashi, daga nan fantsama ta fara.

In ƙarfi ya faɗi ba dalili, ko ya riƙa rawa a wani zango kaɗai, a fara zargin siginar rediyon ce ta shiga wayar ALC. A gajarta ta, a nisanta ta da kebul ɗin eriya, a naɗe ta sau biyar ko shida a zoben ferait samfurin 31 ko 43, a sa kafasito mai mikrofarad 0.01 tsakanin tsakiya da raga a ƙarshen da ke shiga rediyo. Kada a sa babban kafasito, zai ƙara wa wayar jinkirin da dama shi ne ciwonta.

## Kafa biyu masu kama da juna

Kusa da kafar ALC akwai wata, ita ma sau da yawa RCA, an rubuta mata SEND ko TX GND ko RLY. Ita ce ke gaya wa amfilifaya an fara aikawa, kuma ita dole ce. Musanya su kuskure ne mai tsada. Tsohuwar amfilifaya Heathkit SB-220 da ba a gyara ba tana ɗora kusan volt 120 na fozitif a wannan layi, alhali kafar SEND ta rediyon Icom IC-7300 volt 16 da rabin amfiya ce iyakarta. Ko a kafar da ta dace aka sa, sai da ɗan kewayen shiga tsakani. A kafar ALC kuwa ba a magana.

Lokaci na da muhimmanci a nan ma. Manyan rile na tsofaffin amfilifayoyi, wato makunnan da ke sauya hanya tsakanin saurare da aikawa, kan ci milisakan 15 ko fiye kafin su zauna. In sigina ta riga su isowa, za su rufe da wuta a kansu, bakinsu ya ƙone, amfilifaya ta yi ɗan lokaci ba eriya. Maganin shi ne jinkirin aikawa da ke cikin saitin rediyo, a sa milisakan 20 zuwa 30. Ɓarnar da yawa da ake ɗora wa ALC daga nan take.

## Idan rediyon ne mai tsini

A fara da abin da ke hannu. In akwai mamurɗin turi dabam da na ƙarfi, ko na makirfo a SSB, a sauke shi har allurar ALC ta ciki ta zama da ƙyar take motsi; ninkin da babu shi ba ya yin tsini. A duba ko kamfani ya fitar da sabuwar manhajar da ta gyara halin.

Hanyar da ta fi kowace tabbas ita ce maragin ƙarfi na rezisto tsakanin rediyo da amfilifaya. Na desibel 3 yana raba ƙarfi biyu: rezisto mai om 17.6 a jere, biyu masu om 292 zuwa ƙasa, ɗaya a kowane gefe. Rediyo ya yi aiki kusa da wat 100 inda tsininsa ba shi da wurin zuwa, amfilifaya ta ga 50, sauran 50 ya zama zafi, saboda haka rezistocin su zama marasa naɗi masu ɗaukar wannan zafi. A sa shi a hanyar aikawa kaɗai, bayan rile na shiga, in ba haka ba abin da ake saurare ma zai ragu da desibel 3.

Akwai kuma dabarar batir. Batir mai volt 9, fozitif ɗinsa a raga, nagatif ya bi ta rezisto mai om 12,000 zuwa mamurɗi mai om 10,000, tsakiyar mamurɗin ta tafi kafar ALC. Wannan na ba da sifili zuwa kusan volt 4 na nagatif, tsayayye, ya rage ninki tun kafin a fara magana. Tana aiki a rediyoyi da dama. Aibinta biyu: ɗan murɗi kaɗan kan kai ƙarfi daga sama zuwa ƙasa, kuma ranar da batir ya mutu rediyo zai koma cikakken ƙarfi ba sallama. Wanda zai yi ta ya bar mamurɗin ƙarfi a iyakar da amfilifaya za ta jure.

## Ba kowane salon aikawa ke shan wahala ɗaya ba

A Mos, ana so kowane ɗigo ya tashi a hankali cikin wajen milisakan 5. ALC mai kamawa da ƙarfi yana kaifafa wannan tashi, sai a riƙa jin ƙas-ƙas a gefe da gefe. PSK31, salon aika rubutu ta kwamfuta wanda Peter Martinez ya fitar a 1998, girman siginarsa na sauka har sifili yana dawowa, don haka ko ɗan motsin ALC na faɗaɗa shi. Daga nan ne dokar nan ta kada allurar ALC ta motsa ko kaɗan ta samo asali.

FT8 kuwa, wani salon aika saƙo ta kwamfuta wanda Joe Taylor da Steve Franke suka fitar a 2017, sauti ɗaya yake aikawa a lokaci guda da girma tsayayye, faɗinsa haz 50. Ɗan motsin ALC bai cika ɓata shi ba. Abokan gabarsa su ne sautin kwamfuta da ya yi yawa har ya daddage tun kafin ya shiga rediyo sosai, da kuma zafi: daƙiƙa 12.6 na cikakken ƙarfi ba hutu a kowane zagaye na aikawa. Amfilifayar da aka rubuta mata kilowat a SSB, rabin haka ko ƙasa ya dace da ita a nan, kuma wayar da aka saita a kan ƙololuwar kilowat ba za ta ce uffan ba har na'urar ta gasu.

AM, tsohon salon aika murya, shi ne ya fi rashin jituwa da ALC. Ƙololuwarsa ninki huɗu ce ta siginar da ke tsaye lokacin shiru: rediyo mai wat 100 a 25 ake ajiye shi, amfilifaya mai 1,500 a 375. A daidaita TUNE da LOAD a kan cikakkiyar ƙololuwa tukuna, sannan a sauke turi zuwa rubu'i. In aka ga allurar wat na faɗuwa duk sanda aka yi magana, ALC ne ke cin kan muryar, sai a rage siginar shiru ko makirfo har allurar ta tsaya cik.